Likkafanin Da Rumaisa Ta Yafa A Fim

Maganar da ta cika Wurno a 'yan kwanakin nan ita ce, wai Rumaisa 'yar Malam Sale na Goronyo, yarinyar da Shafi'u zai aura, ta je maƙabartar Rabah ita da abokan fim ɗinta, sun tone kabari, sun kwance likkafanin wata mata, ta yafa shi aka ɗauke ta hoto.

Wasu sun ce kabarin amarya ne. Wasu sun ce na mai jego ne. Matar da ke kawo nono gidan Alhaji Ɗahiru, mahaifin Shafi'u, har rantsuwa ta yi cewa tun ranar hannun yarinyar na dama ya shanye.

Gwaggo Mahbuba, yayar Alhaji Ɗahiru, ta ji duka. Shekara talatin da huɗu ta yi tana koyarwa kafin ta ajiye alli, kuma shekara ashirin ke nan ita ke wanke gawar mata a unguwarsu. Ta san yara, ta san gawa, ta kuma san yadda magana ke ƙara ƙiba daga wannan zaure zuwa wancan. Don haka ranar Talata bayan azahar ta ɗauki sandarta ta nufi gidan ƙanenta.

Ta tarar da Shafi'u durƙushe a bakin ƙofar falo, idonsa jawur. Alhaji na bisa kujera yana jan carbi da ƙarfi kamar carbin ne ya yi masa laifi.

"Yaya, kin zo daidai," in ji Alhaji. "Ran Juma'a in an sauko masallaci zan tura su Goronyo. A janye magana, a amso kayanmu. Ba ni haɗa zuri'a da mai tonon kabari."

"Ka ga fim ɗin?"

"Allah shi kiyashe ni!"

"To wa yag gani yah hwaɗa maka?"

"Duniya dut ta gani. An yi magana a rediyo. Ga Khalid, ɗan'uwanta na jini, ya rubuta a waya, an karanta mini. In ɗan'uwanta ya ce ta ɓaci, ni mi zan ce?"

"Kabarin wa anka tone? Mi as sunanta? Ɗiyar wa ta?"

Alhaji ya ce, "Yaya, ba aji muke ba."

"Da aji muke da ka sha bulala. Ka ba ni zuwa Juma'a. In an tone kabari, ni da kaina zan tahi in amso kayan."

Ya yarda, ba don ya so ba. Ita ta goya shi, kuma har yau bai koyi yi mata gardama ta uku ba.

Shafi'u ya biyo ta zaure, ya riƙe bakin mayafinta kamar ƙaramin yaro, alhali mutum ne mai shekara ashirin da tara, mai shagon maganin gona a bakin kasuwa.

"Gwaggo, ki taimake ni. Shekara huɗu nike bin Rumaisa. In anka raba mu, wallahi ban san abin da zan zama ba. Kwana ukku ban ci abinci ba."

"Bar kukan, ka ba ni amsa. Ina anka samo likkafanin?"

Ya saki mayafin. Ya dubi ƙasa.

"Ban sani ba, Gwaggo."

"Kai da ke kai ta wurin ɗaukar fim ɗin bisa mashin?"

"Ni dai kai ta nike yi in dawo."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta ce ya tura mata fim ɗin a wayarta, da duk abin da aka rubuta a kansa, na yabo da na zagi.

*

Sunan fim ɗin Kada Ki Buɗe. Rumaisa ce ta rubuta shi, ita ce kuma ta fito a matsayin Asabe, matar wani manomin albasa. Ita da 'yan ajinsu na jami'a suka haɗa shi bayan sun gama karatu, suka ɗora a Yutub.

Gwaggo ta zauna ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gidanta ta kalle shi daga farko har ƙarshe, awa ɗaya da minti goma.

Labarin ba shi da wuya. An yi ambaliya, wata cuta ta biyo ruwa ta kashe mazan gari. Bayan kwana uku matattun suka tashi, kowa ya koma ƙofar gidansa yana ƙwanƙwasawa, yana kiran matarsa da sunanta. Wadda ta buɗe, ya cije ta, ita ma ta zama irinsu. Asabe ta tara matan da suka rage a rumfar ajiyar albasa, don warin albasa na ɓatar da matattun. Daga baya suka gane cewa matattun ba sa taɓa macen da ta rufe jikinta da fari, ta sunkuyar da kai, ta yi shiru. Sai suka naɗe kansu kamar gawa, suka ratsa tsakiyar kasuwa a jere, ba mai tari. Da suka isa bakin dam, Asabe ta yaye likkafanin ta jefar, ta ɗaga kai ta kira sunan kanta da ƙarfi. Nan fim ya ƙare.

Wannan wurin jefar da likkafanin, daƙiƙa arba'in, shi ne kaɗai abin da yawancin mutanen Wurno suka gani.

Sai ta koma kan rubuce-rubucen.

Wata mata a Abuja ta yi dogon sharhi da Turanci. Ta ce wannan shi ne fim ɗin zombi, wato na matattu masu tashi, na farko da ya yi magana da bakin matan Arewa, ta ce matattun su ne mazaje, likkafanin kuma shi ne aure. Ta yabi jarumtar "'yan matan ƙauyen Kano." Gwaggo ta ja tsaki. Wadda ba ta san inda Goronyo take ba, ita ce ta san abin da ke cikin zuciyar matan Goronyo.

Wani malamin jami'a ya ce a'a, matattun 'yan bindiga ne, fim ɗin kukan tsaro ne, mata kawai aka fake da su.

A shirin rediyon da Alhaji ya ambata, maza uku sun yi awa guda suna tsine wa fim ɗin. Mai gabatarwa ya tambaye su ko sun kalla. Na farko ya ce bai da lokacin banza. Na biyu ya ce an ba shi labari. Na uku ya ce ba sai ya kalla ba.

Khalid kuwa ya kalla, wannan kam ta yarda. Rubutunsa a Fesbuk ya fi na kowa tsari, ya fi na kowa dafi. Ya ce fim ne da ya mayar da uba da miji gawa, yana koya wa mace rufe ƙofa. A layin ƙarshe ya rubuta: "Kuma a tambaye su inda suka samo likkafanin, don wanda ya san Rabah ya san wurin da aka ɗauki hoton." Daga wannan layin kabari ya fito.

Da ɗalibarta ce ta kawo mata aikin, da shida bisa goma za ta ba ta. A fim ɗin, ƙarar iska ta cinye rabin maganar. Ɗaya daga cikin matattun yana sanye da agogo, wani kuma dariya ta kusa kuɓuce masa. Jinin ma kowa ya san soɓorodo ne, wato zoɓo. Amma akwai wurin da mijin Asabe ya tsaya bayan ƙofa yana cewa a hankali, "Asabe, ni na. Buɗe, ban ci komi ba," ita kuma tana tsaye da hannunta bisa sakata, ta kasa janye shi, don shekara goma ba ta taɓa barinsa ya kira sau biyu ba. A nan Gwaggo ta cire tabarau ta ajiye wayar bisa tabarma. Ta daɗe kafin ta ci gaba. Ba wanda ya yi maganar wannan wurin a cikin masu sharhin, na Abuja da na gida.

*

Ranar Laraba da hantsi ta shiga mota zuwa Rabah. Ta nemi Malam Yari, tsohon da ke kula da maƙabarta, ta same shi yana gyaran shingen ƙaya.

"Hajiya Malama! Ke ta da kanki? Lahiya dai?"

"Lahiya lau, Malam. An ce an tone maka kabari."

Ya jingine fartanya, ya yi dariyar da ba daɗi a ciki.

"Ke ta ta tara da taz zo tambaya. Amma ke ɗai ta tac ce in nuna mata. Sauran daga bakin hanya su ka tambaya su wuce. Taho ki gani."

Suka zaga tare, layi bayan layi. Ya san kowane kabari da mai shi. Babu inda ƙasa ta motsa sai sababbi biyu na wannan watan, su ma ƙayarsu na nan yadda aka ɗora ta.

"Yaran sun zo nan?"

"Sun zo, sun gaishe ni da ladabi. Yarinyar tac ce suna son su ɗauki hoto daga waje. Nac ce a'a, ko daga waje ban yarda ba. Ba su ja ba. Sunka tahi can hanyar Tursa, gonar wani, sunka tara ƙasa kamar kunyar dankali sunka ɗora ƙaya. Mai gonar har yau yana nuna ma mutane wurin."

"To mi ya hana ka hwaɗa ma duniya?"

"Wa zan hwaɗa ma, Hajiya? Ni ba ni da waya mai hoto."

Ta yi masa godiya. Rabin maganar ya mutu ke nan. Amma tana tafiya tasha tana tuna abin da idonta ya gani a fim ɗin. Sauran matan farin yadi ne na kasuwa a jikinsu, mai sheƙi, irin na rigar makaranta. Na Rumaisa daban ne. Alawayyo ne mai kauri, wanda hannun mai wankan gawa ya sani ko a cikin duhu. Wannan ba a yi shi don wasa ba.

*

Ta kwana Wurno, ranar Alhamis da sassafe ta kama hanyar Goronyo, don hanyar ba wadda ake bari rana ta karkata a kanta ba ce.

A zauren Malam Sale ta ci karo da wani saurayi cikin shadda mai ruwan toka, turarensa ya riga shi gaisuwa. Ya durƙusa.

"Sannu da zuwa, Inna. Khalid ne, ɗan ƙanen Malam."

"Kai na marubucin. Na karanta. Hausarka ta yi kyau. Kabarin wa anka tone a Rabah?"

"Ai ni ban ce an tone ba, Inna. Tambaya ɗai na yi."

"Na koyar da yara irinka. Su jefa dutse cikin aji, in an kama su su ce hannunsu ɗai sunka miƙe. Mi ya kawo ka da sahe haka?"

Ya gyara hula. "Zumunci. Rumaisa ƙanwata ta. In mutanen Wurno sun guje ta, mu ba mu bari ta wulaƙanta. Na hwaɗa ma Baffa, ni zan rufa mata asiri."

"Allah sarki. Kai ka yaye zanen, kai kuma ka zo da mayafi."

Ta wuce shi ta shiga ciki.

Rumaisa na ɗakin mahaifiyarta, zaune a ƙasa, ta jingina da gado. Ta rame har ƙashin wuyanta ya fito. Hannayenta biyu lafiya lau; da su ta karɓi sandar Gwaggo ta shimfiɗa mata darduma. Mahaifiyar ta kawo ruwa ta fita, ta ja musu labule.

"Na ga fim ɗinki," in ji Gwaggo.

"Dut, Gwaggo?"

"Dut. Shidda bisa goma. Mataccenki na sanye da agogo."

Dariya ta kuɓuce wa Rumaisa, sai dariyar ta juye kuka. Ta kifa kanta a gwiwar tsohuwar.

"Gwaggo, ke ɗai ta kinka kalla kamin ki yi magana. An ce na zagi ubana. Ni da Baba ya saida buhun albasa goma ya kai ni jami'a! An ce na ce aure kabari na. Ni da nike ƙirga kwanakin aurena! Wata ta kira ni daga Abuja tana ce mini jaruma, wai in zo in yi magana a taro, in hwaɗi yadda maza sunka danne ni. Nac ce mata ni labarin kakata na rubuta, wadda mijinta ya rasu shekara bakwai amma har ta mutu in iska ta taɓa ƙofa sai ta miƙe da sauri ta gyara ɗankwali. Tac ce wanga bai da ƙarhi, in sake wani. Masu yabon ba su ji ni ba, masu zagin ba su ji ni ba."

"Matan garin ga fa?"

"Su suna kallo a ɓoye. Wurin niƙa su ka tura ma juna. Jiya wata ta matse mini hannu a bakin rijiya, ba ta ce komi ba ta wuce. Amma ɗiyanta ta hana su gaishe ni."

"Khalid fa?"

"Sau biyu yana neman aurena ina ƙi. Ko maza sun ƙare ba ni aurenai. Baba ma ya sani, bai tilasta mini ba. Baban dai, tun da maganar ga ta tashi, ya bar zuwa majalisa, don in ya zo sai a yi shiru."

Gwaggo ta bar ta ta yi kukan ya ishe ta. Sannan ta ɗago mata fuska.

"Na je Rabah. Ba a tone kabarin kowa ba. Amma abin da kinka yafa likkafani na na gaske. Kada ki ce mini a'a, aikina na. Ina kinka samo shi?"

Rumaisa ta kawar da kai.

"Na yi alkawari, Gwaggo."

"To kada ki hwaɗa. Yana nan?"

Rumaisa ta sunkuya. Ta jawo wata jaka daga ƙarƙashin gado, ta fito da farin ƙyalle a ninke. An wanke shi, an goge, amma ga shatin jar ƙasa a gefe, ga tabon soɓorodo ya koma ruwan toka.

"Sau ukku ina kai shi gulbi ina wankewa da sabulu. Ya ƙi fita."

Gwaggo ta ɗora shi a cinyarta tana bin bakinsa da yatsa, yadda ta saba. A kusurwa ta huɗu yatsanta ya tsaya. Ƙulli uku ne na koren zare, ƙanana, a jere.

Ita ta yi su.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ita da Ɗahiru suka sauke farali tare. Kamar yadda alhazan garinsu ke yi, kowannensu ya sayi likkafaninsa a Makka, suka jiƙa su da ruwan zamzam, suka shanya a saman masauki. Da suka bushe ba a iya bambanta su, sai ta zare zare daga bakin mayafinta ta yi wa na ƙanenta ƙulli uku. Tun da suka dawo yana cikin akwatin ƙarfe a ɗakinsa. Ba ya buɗewa. Yakan dai ce, duk abin da ya tara a duniya, wannan ƙyallen kaɗai ne nasa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta faɗa a hankali. "Shafi'u."

Rumaisa ta rushe da kuka.

"Wallahi ban sani ba, Gwaggo! Ranar ɗaukar hoton yadinmu ya kasa, saura nawa, ga rana tana tahiya, ga masu kyamara za su koma Sakkwato. Yac ce in jira shi. Ya tahi bisa mashin ya dawo da wanga, yac ce wurin wani tela ya samo. Sai da maganar kabari ta tashi nat tsare shi, sannan ya hwaɗa mini na Alhaji na. Yac ce ya ɗauka za a yafa na awa guda a ninke a maida, ba mai sani. Bai san za a ja shi cikin ƙasa ba. Ni kuma garin in gyara na kai shi gulbi. Na wanke zamzam ɗin Alhaji da sabulu, Gwaggo. Da hannuna."

"Shi ya sa ki alkawarin?"

"Ya durƙusa nan inda kike, yana kuka. Yac ce in Alhaji ya ji zai yi mashi baki. Yac ce in ba shi kwana biyu ya samu dabara. Yau kwana goma sha tara. Kullum sai ya kira ni ya ce yana sona, ya ce bai iya barci. Ni ana ce mini mai tonon kabari a kasuwa, ana toshe hanci in na wuce, shi yana gaya mini bai iya barci."

"Har yanzu kina son shi?"

"Da ba ni son shi da tuni na buɗe baki." Ta share fuska da bakin hijabinta. Muryarta ta daidaita. "Ki tahi da shi, Gwaggo, ki maida ma mai shi. Amma ki gaya ma Shafi'u wagga magana. In shi ya hwaɗa da bakinai gaban Alhaji, ko korar shi anka yi daga gida zan aure shi, mu zauna ko a rumfa ta. In kuwa wani ya hwaɗa mashi, ko ke ta, to sunana ya wanku, amma su zo su ɗauki kayansu. Ba ni zama da mijin da zan riƙa jira ya yi magana."

"Kin yi tunani, ɗiyata? Shekara huɗu ba kwana huɗu ba ta."

"Kwana goma sha tara nike tunani."

*

Da la'asar ta isa Wurno. Ba ta je gida ba, shagon Shafi'u ta nufa. Ta sa ya sallami masu sayen maganin feshi, ya jawo ƙofa. Ta buɗe bakin jakar kaɗan ta nuna masa.

Ya zauna bisa buhun taki.

Ta faɗa masa saƙon Rumaisa kalma bayan kalma, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba.

"Gwaggo, kin san Alhaji. Kin san abin da ƙyallen ga yake a wurinai. Zai ce na yi mashi fatan mutuwa. Zai ce na bar shi tsirara a kabari. In ya yi mini baki ina zan sa kaina?"

"Zai yi hushi. Zai iya korarka. Ni zan tsaya tsakaninku, na yi maka wanga alkawari. Amma bakin naka na."

"Ko mu sawo wani mu sa a akwatin? Wani alhaji zai iya kawo mana bana. Ke kin iya ƙullin..."

"Yarinyar fa? Ta ci gaba da zama mai tonon kabari har alhazai su dawo?"

"Maganar za ta wuce, Gwaggo. Mutane suna mantuwa."

"Kai ma ka sani ba su mantuwa da irin wagga. Jikokinta sai an gaya masu."

Ya rufe fuska da tafin hannu yana shessheka. "Ina son ta. Allah ya sani ina son ta."

"Na yarda. Gobe in an sauko masallaci ka nuna."

"Zan hwaɗa. Wallahi zan hwaɗa."

*

Ranar Juma'a falon Alhaji ya cika. Ga ƙannensa biyu da za a tura Goronyo, sun sha manyan riguna, mota na jiransu a waje. Shafi'u na durƙushe a bakin ƙofa. Gwaggo ta zauna a kujerar da ke fuskantar ƙanenta, jakar na kan cinyarta.

"To, Yaya. Juma'a ta yi."

"Na je Rabah, na zaga maƙabarta da ƙahwata. Ba a taɓa kabarin kowa ba. Malam Yari shaida na."

"To ina tas samo likkafani? An ce na gaske na."

"Na gaske na. Shafi'u na da magana."

Duk suka juya suka dube shi.

Ya ɗago kai. Ya buɗe baki. Idonsa ya haɗu da na mahaifinsa.

"Alhaji... ni dai... ina roƙon a yi haƙuri. A ƙara bincike. Rumaisa yarinyar kirki ta."

"Ita ke nan maganar?" in ji Alhaji.

Gwaggo ta ba Shafi'u lokaci, irin wanda takan ba ɗalibin da ta san ya san amsa. Fankar sama na juyawa. Ɗaya daga cikin ƙannen ya dubi agogonsa, ya ce hanya fa ba ta son yamma.

"Shafi'u," ta kira shi, a hankali. "Saura."

Hawaye na zuba bisa rigarsa ta Juma'a. Ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa darduma. Bai ƙara cewa komai ba.

Alhaji ya tafa hannu. "Ku tashi ku tahi. Ku ce ma Malam Sale mun gode."

"Ku dakata," in ji Gwaggo.

Ta san maganarta za ta wanke Rumaisa, ta kuma kashe auren. Sau ɗaya ta dubi Shafi'u, yaron da aka haifa a hannunta, sannan ta zuge jakar, ta fito da ƙyallen, ta ɗora a gwiwar ƙanenta, kusurwar mai koren zare tana sama.

"Ɗahiru, ba a tone kabari ba. Likkafanin naka na, na Makka. Shafi'u ya ɗauke shi daga akwatinka ya kai mata, yac ce mata na tela na. Ita ba ta sani ba sai daga baya, kuma shi ya roƙe ta ta yi shiru."